Ragar Yamma

Alƙalin wasa ya cilla kwandala sama, zaɓin ɓangare ya faɗo kaina. Na waiga benci. Kocinmu, da muke kira Baba, ya gyaɗa kai kamar kullum, wato a bar kai hari ragar yamma sai an dawo hutun rabin lokaci.

Lokacin nan kuwa rana ta sauko, cikin idonmu take tsayawa. In muka sha kashi yau, ƙungiya ta gangara rukuni na biyu, shi kuma a sallame shi.

Na ruga wurinsa. "Baba, yau kaɗai. Ba ma ganin ƙwallo."

"Da can gani kake yi?" in ji shi. "Wuce."

Ɗaya da nema aka ci mu. Mai tsaron ragarmu bai ga ƙwallon ba sai a bayansa.

Da fili ya watse na same shi a benci, yana murza tsohuwar gwiwarsa. Sunan Sukhumi, garin bakin teku da ke yamma da mu, ne rubuce a rigarmu, amma duk a birnin Tbilisi aka haife mu, a filin aro muke wasan gida. Shi a Sukhumi ya goya lamba tara, har yaƙi ya koro shi ta kan duwatsu. Mahaifiyarsa ta ƙi biyo shi.

"Me ya sa, Baba?"

Ya daɗe yana kallon bayan ragar, inda rana ta faɗi.

"Teku na can. Kabarinta ma." Ya miƙe da ƙyar. "Ni ba za a bar ni in koma ba. Amma duk Asabar ina ganin yarana sun nufi gida da gudu."