Farin Kwanon Likitar Dasashi

Kai da kake ƙorafin kullum matsala ɗaya kake kora tana dawowa, gyara zama in ba ka misali.

An yi wani mai tsire a bakin tasha, wanda ƙamshin tukubarsa kaɗai ke tsayar da mota. Yana da ɗa namiji da 'ya mace. Tun yarinyar tana ƙarama take ganin haƙoran ubanta suna girgiɗa, suna zubewa ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya ce tsutsa ce, aka yi ta turara masa hayaƙi, ya sha jiƙe-jiƙe har ya gaji. Rannan ta ɗauki haƙorin da ya faɗi, ta wanke, ta juya shi gaba da baya. Ba rami, ba huda, lafiyarsa lau. To ina tsutsar ta ci? Kafin ta gama sakandare, mutumin da ya ciyar da gari nama ya koma kunu da fate. Sai dai ya gasa ya miƙa wa wasu, shi ya lashi yaji a yatsa. A haka ya rasu. Wallahi abin ya ci mata rai, kuma bai sake ta ba har ta zama likitar haƙori.

Abokan karatunta kowa ya kama inda ido ke gani: masu cire haƙori, masu cike rami, masu sa haƙorin Makka. Ita ta ce dasashi za ta bincika, naman nan da ke riƙe da haƙori. Aka yi mata dariya har da riƙe ciki. Wa ya taɓa yin suna da dasashi? Ta shiga kasuwanni da rumfunan mahauta da majalisun 'yan goro tana roƙon dattawa su buɗe mata baki. Wasu su buɗe, wasu su kore ta, wai ba ta da kunya. Ta kankaro dattin gindin haƙori ta kai ɗakin bincike, ta duƙufa a kansa shekara da shekaru, har furfura ta fara leƙowa ta ƙarƙashin ɗankwali. Ashe ƙwayoyin cuta ne ke taruwa a bakin dasashi. Ya kumbura, ya ɗan rabu da haƙori, su kuma su sami hanya su gangara su cinye ƙashin da haƙorin ke tsaye a kai, ba zafi ba raɗaɗi. Gargaɗin farko jini ne. Amma a garinsu wa zai ga jini? Mutum ya wayi gari da goro a baki, ya tofar da yawu ja, ya ce ai goro ne. Asuwaki kuwa a yi ta taunarsa ana yawo, a goge haƙoran gaba saboda mutane, gindin haƙori ko oho.

Sai ta fito da dabarar da ko tsohuwa a ƙauye za ta iya. Da safe, kafin ka taɓa goro, ka goge gindin haƙoranka da asuwaki mai laushi, ka tofa a farin kwano. In ka ga ja, ka nufi asibiti a wanke maka dasashi tun haƙori bai fara rawa ba. Jama'a suka ji, suka ce to, suka ci gaba da cin goronsu.

Ana cikin haka ta lura wanta, wanda ya gaji tukubar, ya fara tauna da gefe ɗaya. Shi kuwa ga taurin kai, ya ce abin gado ne, in sun zube ya sa na roba. Ba ta yi musu da shi ba. Washegari da sassafe ta yi sallama a gidansa, ta karɓe goron da ke hannunsa, ta miƙa masa asuwaki da farin kwano. Ta ce, "Yaya, don girman Allah, goge ka tofa a nan." Ya yi, yana tsaki. Kwano ya yi ja wur. Ya dubi kwano, ya dubi goron da ke tafin hannunta ko ɓantara ba a yi ba, sai ya buɗe mata baki ta duba. Wata da watanni tana wanke masa dasashi yana mita. Haƙoran da suka riga suka yi nisa ba su tsaya ba, amma sauran suka kafu daram.

Da mahauta suka gan shi yana yagar kilishi, sai ga su sun yi layi. Daga su sai 'yan goro, sai direbobin tasha. Ɗalibanta suka kai farin kwano ƙananan asibitocin ƙauye, likitocin ƙasashe masu nisa suka karanta bincikenta, waɗanda suka yi mata dariya suka fara turo mata marasa lafiya. Yau akwai tsofaffi birjik da ke tauna aya ba su ko san sunanta ba, kuma ban taɓa jin abin ya dame ta ba. Ladanta na wurin wanta. Duk ranar da ta biya ta tasha, tsohon zai zaro tsinken tsire mafi tauri, ya tsaya a gabanta ya yage shi da haƙoransa, ya tauna, sannan ya ce, "Allah ya jiƙan Baba." Ita kuma ta ce amin, tana share ido da gefen mayafi.

Ka ga, duk gari tsutsa yake nema, ita kaɗai ta tsaya duba ƙofar da cuta ke bi. Kai ma je ka duba taka. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.