Makullin Kicin

Likita ta ajiye takardar gwajin jinina, ta ɗora yatsu biyu a gaban wuyana.

"Ba ci ne ya sa ta ƙiba ba, Mama. Akwai wata 'yar tsoka a nan mai taimaka wa jiki sarrafa abinci, tata ce ta yi rauni. Shi ya kawo yawan barcin da jin sanyin. Akwai magani."

Hannun Mama ya kai kan makullin kicin da ke rataye a wuyanta.

Shekara guda ke nan da ta sa wa ƙofar kwaɗo saboda ni. Yayyena suna kirana Buhu. Abincina a farantin shayi ake zubawa, in tafi bayan tankin ruwa in ci, wai kada in ga na wasu raina ya biya.

Da muka dawo gida, Mama ta cire kwaɗon, ta cika babban faranti ta biyo ni da shi har bayan tankin. Ba ta taɓa leƙa wurin ba sai ranar.

Kyanwar maƙwabta na zaune tana jira, ta yi ɓul-ɓul. Ana ajiye farantin ta sa baki, kamar yadda ta saba.

Mama ta dubi kyanwar, ta dube ni.

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da kika sa kwaɗon. Na zaci idan na rage ci, za ku kira ni mu ci tare."