Kabarin Bakwaini

Tunda na ga ka fara yanke ƙauna da jaririn nan naka, zauna ka ji wani misali. An yi wani tsoho mai haƙar kabari a wani ƙauye, mutum ne mai yarda da idonsa ƙwarai. In ya leƙa majinyaci ya fito yana gyaɗa kai, to mutanen gida sai su fara neman likkafani. Ana nan sai matar ɗansa ta haihu a wata bakwai, farkon damina. Jaririn bai fi tafin hannu biyu ba, fatarsa ja kamar ɗan ɓera, ko kuka bai yi ba, sai buɗe baki yake. Ungozoma ta naɗe shi a auduga, uwar ta manna shi a ƙirji ta ɗaura zani a kai, tana ɗiga masa nono a baki. Tsoho ya shigo ya dube shi, tausayi ya kama shi, amma ya riga ya yanke hukunci. Ya ce kada a wahalar da kai wajen sayen ragon suna. Ya karyi kara ya auna tsawon jikansa a fakaice, kamar yadda ake auna gawa, ya tafi maƙabarta ya haƙa ɗan rami, wai don kada ruwan sama ya tsare mutane ranar da za a buƙace shi. Abokin aikinsa ya ce masa, "Malam, kabari ba ya buɗe baki a banza." Ya yi kunnen uwar shegu.

Aka yi suna da bunsuru, jariri na nan yana numfashi sama-sama. Kullum da safe tsoho sai ya leƙa ɗaki, daga nan ya wuce ya leƙa raminsa. Wata safiya ya ɗora karan nan a bakin ramin, ya ga ramin ya fi karan tsawo. Ya ce zaizayar ruwa ce. Sai dai gefen a miƙe yake sumul, kamar gwani ne ya sare shi, kuma babu sawun kowa a laka sai nasa. Ya kwashi ƙasa ya cike shi, ya tattake. Washegari ya tarar da shi a buɗe, ya ƙara tsawo. Tun yana awo da kara har ya koma awo da sandarsa. Ranar da ya ga sandar ma ta gaza, tsoro ya shige shi har ƙashi, don ya fi kowa sanin tsawon da ramin yake nema. Ya koma gida bai gaya wa kowa ba, ya jingina da bangon ɗakin mai jego. Can sai jaririn ya callara kuka, karo na farko tun haihuwarsa, har maƙwabta suka ji. Mata suka fito da guɗa su yi wa kaka albishir, suka taɓa tsohon suka ji ya yi sanyi, rai ya yi halinsa.

Da masu haƙa suka isa maƙabarta, ba su ƙara ko sara ɗaya ba, ramin ya yi daidai da tsawon tsoho. Bakwainin kuwa ya girma har ya ga jikokinsa. Saboda haka tashi ka koma wurin matarka, ka bar wa Mai rai lissafin kwana. Zakaran da Allah ya nufa da cara, ana muzuru ana shaho sai ya yi.