Zabin Sanatu Ba Su Isa Accra Ba

Zuberu, Mariyatu, ku ajiye wayoyin nan ku saurare ni.

Akwai wata mata a unguwar Kukuo, Sanatu, mai ƙyafa zabi. 'Yarta Maltiti tana karatun jinya a Accra. Kun san yadda ake yi a Tamale: in kana da saƙo, ka je filin jirgi ka nemi mai fuskar mutunci ka damƙa masa.

Farkon zafin bana Sanatu ta ƙunshe zabi biyu da yaji ta tafi. A zauren jira, daidai ƙarƙashin iyakwandishan, ta ga wani dattijo da farar riga da carbi, akwati a gabansa, ido a lumshe. Ana kiran fasinja, kowa na rige-rige, shi ko motsi. Ta ce a ranta, wannan ya saba da jirgi.

"Alhaji, Accra za a?"

Ya dubi na kusa da shi, ya gyara hula. "In Allah ya yarda."

Ta ba shi ƙunshin da lambar wayar Maltiti. Ya buɗe akwati, ga wuri wadatacce, ya saka.

Washegari Maltiti ta ce ba ta ga komai ba. Da mako ya zagayo Sanatu ta koma, ga Alhaji a kujerarsa.

"Alhaji, ya hanya?"

"Alhamdulillahi. Yajin nan naki, hannunki da albarka."

Ran Sanatu ya ɓaci. Ashe yarinyar ta karɓa, har ta ɗibar wa baƙo, amma uwarta take yi wa ƙarya. Ta ba shi wasu don ta gwada ta. Maltiti ta rantse ba ta ga komai ba. Daga nan Sanatu ta daina ɗaukar wayarta, ta shaida wa dangi cewa Accra ta lalata mata 'ya.

Maltiti ta bar karatu ana gab da jarrabawa, ta hawo mota. Yau suka je filin tare, suka laɓe bayan ginshiƙi. Jirgi ya tashi, Alhaji na gyangyaɗi. Wani ya tashi, yana nan. Da rana ta yi sanyi ya yi miƙa, ya fita, ya ɗaure akwati a bayan wani tsohon babur. Suka tari keke mai ƙafa uku suka bi shi. Bai tsaya ba sai unguwar Sabonjida, yana waiwayowa ya gan su, ya faɗa wani gida, ya shige banɗaki ya sa sakata.

Ta bayan ƙofa ya ce shi ko tsani ba ya iya hawa. Sanyi kawai yake zuwa sha, kunya ce ta hana shi musu a gaban mutane, zabi kuwa ba a barinsu su lalace.

Uwa da 'ya sun yafi juna, sun shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan, sun ce sai an fito musu da shi. In na sa baki abin zai yi muni, don haka ku tashi ku sasanta, ubanku ne can a banɗakinmu.