Ranar da Aka Sa Mai Daddawa Tsallake Jikarta

Ka ce mini katun ne kawai, zane ne mai motsi, ba ruwansa da tarbiyya. To gyara zama, ɗana, in ba ka wani misali, sai ka auna da kanka.

A wata unguwa an yi wata tsohuwa mai sana'ar daddawa. Shekaru sun tanƙwara mata baya, haƙora saura 'yan kaɗan, ba ta tafiya sai da sanda. Kullum tana bayan ɗaki gaban ƙatuwar tukunya tana dafa kalwa, hayaƙi na tashi, tana juyawa tana 'yan waƙe-waƙenta. Matan unguwar ba mai kaɗa miya sai da daddawarta, kuma yawancin yaran layin ita ta yanke musu cibi. A gidan ɗanta take zaune, wani tela, da matarsa da 'yarsu da ba ta isa shiga makaranta ba. Yarinyar a bayan kakarta ta girma, wasan kaka da jika ba ya ƙarewa tsakaninsu. Ana nan sai telan ya sayi sabuwar waya, ya bar wa matarsa wadda ya ajiye, mai shagon caji ya cika ta da katun. Uwar ta ga ta samu mai reno kyauta. Da yarinya ta fara rigima sai a miƙa mata, gida ya yi tsit. Ba wanda ya taɓa zama ya kalla tare da ita. Har murna suke wai za ta tashi da Turanci a baki. Sun manta yaro ba ya jiran fassara, ido ya ishe shi. A cikin hotunan nan yarinyar kirki kullum fara ce sol mai dogon gashi, kuma duk inda aka nuno tsohuwa mai doro da sanda da tukunya na tafasa, to ita ce mai cinye yara. Sannu a hankali jika ta daina zuwa bayan ɗaki. Kaka ta miƙo mata ƙuli-ƙuli, ta maƙe kafaɗa. Aka yi ta dariya ana cewa ƙuruciya ce.

Damina ta sauka, zazzaɓin sauro ya kama yarinyar, jiki ya yi zafi zau, ta fara sambatu. Maƙwabta mata suka cika ɗaki wajen dubiya. Tsohuwa ta baro tukunyarta, ta dogaro sanda ta shigo da ɗan jiƙo a kofi. Yarinyar na ɗaga ido ta ƙwalla ƙara, ta nuna ta da yatsa: "Ga ta nan, za ta dafa ni a tukunya." Ka dai san mutanenmu. In mara lafiya ya kama sunan mutum cikin zafin ciwo, shari'a ta ƙare, maye ne ya kama masa kurwa. Kafin la'asar magana ta gama unguwa. Dangin uwar suka zo suka ce sai tsohuwa ta tsallake yarinyar ta sakar mata kurwa. Telan ya san uwarsa sarai, amma ga 'yarsa kwance ga idon jama'a, sai ya sunkuyar da kai. Wannan sunkuyawar ta fi komai ci mini rai a labarin nan. Tsohuwa ta dube shi, ta jingine sandarta, ta ce, "Ku matsa mini." Ta ɗaga ƙafa da ƙyar ta tsallake jikar da ta goya. Washegari aka kai yarinyar asibiti, aka yi mata allura ta warke. Ba wanda ya ce allura ce, cewa aka yi ai ga shi tsohuwa ta sake ta. Daddawa ta yi ta bushewa a faifai ba mai saye, matan da ta yi wa wankan jego suna janye 'ya'yansu in ta gifta. Ta ɗaure ƙunshinta ta koma ƙauye wurin ƙaninta. Sai bayan tafiyarta telan ya dawo gida da wuri wata rana, ya leƙa wayar a hannun 'yarsa. Yarinyar ta ɗora yatsa kan wata mai doro da ke juya tukunya, ta ce, "Baba, ga Kaka." Ya tafi ƙauye da kukansa. Tsohuwa ta ce ta yafe, har ta ba shi daddawa ya kai gida, amma ba ta dawo ba, don ta san tabon maita ba ya fita da ban haƙuri.

Ban ce ka fasa waya ba, ɗana. Cewa na yi ka zauna ka ga wa aka zana da kyau, wa aka zana da muni, tun kafin naka yaron ya fara auna mutanen gidanku da wannan mudu. Wanda ya zana tsohuwar can bai ma san da mai daddawa a duniya ba. Mutanen gida ne suka bar yarinya ita kaɗai da shi. Hausawa sun yi gaskiya da suka ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.