Sai An Sa Hannu

Hajiya Yagana ta danna odar turaren maza kwalba biyu a wayarta, ta zaɓi a naɗe kowanne daban. Ɗaya a kawo ranar Alhamis, ɗaya Juma'a, tunda ba a san ranar da watan Sallah zai tsaya ba. Ta kuma zaɓi cewa ba za a ajiye a bakin ƙofa ba, sai an sa hannu.

'Yarta Ikram, da ke aikin asibiti a Glasgow, ta ga saƙon odar a email ɗinta, da yake da shi uwar ke sayayya, ta kira.

"Mama, turaren maza kuma? Na wane ne?"

"Na baƙo ne."

"Wane baƙo gare ki a Edmonton? Kin san fa bana ma ba zan samu zuwa ba, an sa ni duty."

"Na sani. Allah ya yi miki albarka."

Sallah ta kama Juma'a. Kwalin Alhamis na kan tebur, ba ta buɗe ba. Ta dawo daga Idi ita kaɗai a bas, ta soya waina, ta zauna da gyalenta tana kallon ƙofa.

Ƙarfe biyu aka ƙwanƙwasa. Mai kawo kaya ne, duk ya gaji. Ta sa hannu, ta karɓi kwalin, ta ɗora kwanon waina a kai, ta mayar masa da hannu biyu.

"Naka ne, ɗana. Barka da Sallah," ta faɗa da Hausar da ba ya ji. "Tun safe nake jiran a ƙwanƙwasa."