Furannin Amalanken Ƙarshe

An gama tsinkar inabi a gonar Gaspard, ma'aikata sun zauna cin naman da aka dafa da giya. Bisa al'ada, furannin da aka ƙawata amalanken ƙarshe na kwasar inabi da su, uwargida ake miƙa wa. Tun rasuwar matarsa babu mai karɓa.

Bana sai ya kwance su da kansa, ya tsaya gaban Solène mai girki, tana yanka cuku.

"Ka san ma'anar wannan kuwa?" ta ce, ba ta ɗago ba.

"Na sani."

Ta dubi kan tebur, inda ya cika kofin marigayiya a gaban kujerarta kamar kowace shekara.

"Kujerar da mai ita, Gaspard. Ni a ina zan zauna?"

Ta ci gaba da yanka. Yana nan riƙe da furannin har aka fara waƙa.